Gwaggon da Ta Fito da Baba Daga Ɗaki

Dukkanmu na Allah ne, kuma Gwaggo ta riga mu amsa kiransa. Ta rasu da hantsi a bakin ƙofar ɗakinta a unguwar Kurayyat da ke Jidda, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Yayar mahaifinmu ce, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, ko ɗakin da ta rasu a ƙofarsa ma a gefen gidanmu yake. Saboda haka muka ɗauka kujerun da wanmu ya aro za su ishi masu ta'aziyya har su yi saura. Kafin magariba sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin shagon ɗan Yaman da ke kan kwana.

Cikin gida kuwa mata ne maƙil, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Inna tana kuka tana cewa, "Yanzu wa zai ƙara zagina?" Aka fashe da dariya cikin hawaye, don babu wadda ke ɗakin da ba ta taɓa shan zagin nan ba. Ɗan Yaman ya aiko da dabino da gahawa, ya ce a gaya mana shekara da shekaru Hajiya na wucewa ta gaban shagonsa bai taɓa ganin ta zauna ba, sai yau da aka wuce da ita a kwance. Aminin Baba, wani tsoho mai sayar da tsire a unguwar Bani Malik, ya zo yana dogara sanda, ya tsaya a tsakiyar maza ya ce da ƙarfi, "Allah Ya jiƙan matar da ta sa na ci mutuncin yaro da furfurata. Wallahi da za ta dawo ta ce in sake, sai in sake." Baƙi ba su gane ba. Wanmu, wanda shi ne yaron, ya sunkuyar da kai yana share ido.

Mu 'yan gida kuwa, bakinmu na amsa ta'aziyya, idonmu na kan Baba. Yana zaune a kujerar farko, ana miƙa masa hannu yana karɓa, ba ya cewa komai sai amin. Mun san wannan shirun, mun taɓa zama da shi a gida ɗaya. Baba ya taɓa shiga ɗaki ya juya wa duniya baya har muka fara cire rai, Gwaggo ce ta fito da shi, kuma ita ke fito da shi kowace safiya tun daga lokacin. Yanzu ga shi babu ita. Inna ta raɗa mini a bakin murhu, "In ya koma ɗakin nan, wa zai fito mana da shi?" Ni ma tambayar da ke cina ke nan.

Ina rubuta wannan ne saboda yaranmu da aka haifa a nan. Hausarsu ta fara gudu, in ka yi musu magana sai su amsa da Larabci, kuma ina tsoron nan gaba abin da za su tuna game da Gwaggo shi ne wata tsohuwa mai faɗa da faifan gyaɗa a ka. Faɗan gaskiya ne, gyaɗar ma gaskiya ce, amma ba su ke nan ba.

Doguwa ce, siririya, mai dogon taku. Tun tana yarinya suka baro ƙasar Hausa da iyayensu a ƙafa, da niyyar hajji. Mahaifiyarsu ta rasu a hanya, sai Gwaggo ta ɗauki ƙaninta ta goya, shi ya sa har gemunsa ya yi fari ba ta kira shi da wani suna ba sai Auta. Suka daɗe a Sudan suna aikin auduga, can ta yi aure, can mijin ya rasu, can aka haife mu. Ina ƙarama muka tsallako teku zuwa Jidda, lokacin unguwarmu rairayi ne da gidajen kwano, ba famfo ba kwalta. Daga ranar da ta sauka daga jirgin ruwa ta ɗora faifai a ka, gyaɗa da goro, ta kama hanyar kasuwar Bab Makka, kuma ba ta sauke ba sai da ƙafa ta fara kumbura.

Mota ce ba ta so. Ta ce akwati ne mai wari, wanda ya shiga bai san inda ya bi ba. Ranar da aka kai ni gidan miji an samo mota don manyan mata, Gwaggo ta ce su je, za ta same su. Motar ta kafe a rairayi, maza suka yi ta turawa, da aka iso da ni sai muka tarar da Gwaggo zaune a ɗakina ta riga ta sauya wa gadon wuri. Ta dube ni ta ƙasan mayafi ta ce, "Amarya, kin makara."

Ba zan ce waliyyiya ba ce, don da kanta za ta ƙaryata ni. Ba ta iya ba da haƙuri ba. Miyarta kullum gishiri ya yi yawa, in ka faɗa ta ce harshenka ne ya lalace da cin tamis, burodin mutanen nan. Tana shiga maganar da ba a sa ta ba, ta yanke hukunci, ta tafi ta bar mutane da baki buɗe. Dubiyarta ma daban ce. Sauran mata in sun je gaida mara lafiya sukan zauna su yi ta sannu, sannu, Allah Ya sawwaƙe. Gwaggo sannu ɗaya take yi, daga nan ta yaye labule, ta buɗe taga, ta tambayi mara lafiyar yaushe rabonsa da ganin rana. Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu a wurin aiki a tashar jiragen ruwa, ta gama takaba amma ta kasa fitowa, ta bar wanka, ta bar gaisuwa. Gwaggo ta shiga wata safiya ta ce wuyanta na ciwo, a taimaka a ɗaukar mata faifai zuwa bakin titi kawai. Washegari wuyan bai warke ba, jibi ma haka. Wuyan nan bai warke ba sai da matar ta sayi nata faifan. Ita ce tsohuwar da ke kukan wa zai ƙara zaginta.

Shi kuwa Baba saƙa ne, wato ɗan ga-ruwa. Garwa biyu a sanda, sanda a kafaɗa, daga bazan inda ake ɗibar ruwa zuwa gidajen cikin gari masu hawa-hawa. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, tun daga kan kwana muke jin muryarsa yana tsokanar ɗan Yaman. Ya san kowane lungu, kowa kuma ya san shi. Wata rana da zafi ya ɗauki garwa a bazan, ya yi taku kaɗan, ya dafe ƙirji ya zube. Wanmu aka kira, lokacin ya fara tuƙin mota a wani kamfani, shi ya ɗauke shi daga cikin taɓon ruwan da ya zube ya kai shi asibiti. Ina ganin abin da ya gani ranar bai taɓa fita daga idonsa ba.

Likitan, wani Bamasare mai ƙaton tabarau, ya ce zuciya ce ta yi rauni. Ya ba da magani, ya ce ɗaukar ruwa halas, an gama. Ya ce a huta na ɗan lokaci, daga nan a fara tafiya kaɗan-kaɗan da sanyin safiya, in ƙirji ya ɗaure a zauna. Wanmu ya riƙe hutun da hannu biyu, tafiyar kuwa ya ce sai an ga hali. Ya sayo katifa mai laushi, ya sayo rediyo, ya kafa doka cewa ko buta kada a bar Baba ya ɗaga. Mu ma muka bi, don a wurinmu haka ake nuna wa uba gata. Ruwan alwala a kai masa, abinci a kai masa, in ya ce zai leƙa masallaci a ce a'a Baba, Allah Ya ga uzurinka. Masu dubiya suka yi ta zuwa suna yaba mana, suna cewa ga 'ya'yan albarka.

Da farko yana gardama, daga baya ya daina. Rediyon ya kashe. Masu dubiya suka ragu, waɗanda suka zo ma sai ya yi kamar yana barci. Ya koma kwanciya fuska ga bango, abinci ya dawo yadda aka kai shi, ga shi ba barci yake ba, idonsa biyu. Mutumin da ba ya iya shiru ko a cikin sahu kafin a tada salla, sai a wuni ba a ji muryarsa ba. Wata rana na kai masa koko, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ni yanzu kaya ne a gidan nan. Da Allah Ya ɗauke ni a bazan da kun huta." Na fito na zauna a bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Ba mu da sunan abin a lokacin. Wasu suka ce iska ce, aka yi hayaƙi. Wasu suka ce hannu aka sa masa, aka kawo rubutu ya sha. Gwaggo ba ta hana ba, ta ce addu'a ba ta ɓata komai, amma ta ce, "Ba aljani ba ne. Mutumin da ya saba zaga garin nan da ƙafa kuka ɗaure a kan auduga, me kuke so zuciyarsa ta yi?" Ta gwada dabarunta duka. Ta yaye labule, ya ja mayafi ya rufe kai. Ta ce wuyanta na ciwo, ya ce Allah Ya ba ta lafiya. Ta zage shi, abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne bai rama ba.

Ranar da ta kama hannunsa za ta ja shi zuwa ƙofar gida ne wanmu ya shigo, aka yi faɗan da har yau ake labarinsa a unguwa.

"Gwaggo, aib ne wallahi, abin kunya," in ji shi. "Ina da mota a ƙofar gida, a ga ubana yana jan ƙafa a titi? Mutane su ce me? In ya sake faɗuwa fa, ke za ki ɗauke shi?"

"Na ɗauke shi tun ba a san za a haife ka ba, direba."

"Wancan zamani daban. Ni na tsamo shi daga taɓo, ke ba ki gani ba."

"Kai kana tsoron ya mutu a titi, ni kuma ina kallonsa yana mutuwa a kan katifarka. Gaya mini wanne ya fi."

"Halas, Gwaggo. Na gama magana."

Ta saki hannun Baba, ta fita. Ta daina cin abincin gidanmu, ta koma dafa nata mai gishirin, in sun haɗu da wanmu a ƙofa ta amsa gaisuwarsa kamar ana ja mata haƙori. Ban ga laifin wanmu ba har cikin raina, ƙauna ce ta sa shi, amma na san Gwaggo ce ke da gaskiya, kuma na san ba ta haƙura ba.

Ana cikin haka matar wanmu ta haihu, namiji, jikan Baba na fari ta wajen ɗa. Aka kai masa jaririn, ya dube shi, ya yi addu'a a hankali, ya mayar da fuska bango. A nan ne Gwaggo ta ga ƙofa.

Muna da wata al'ada da muka riƙe tun Sudan. Goron suna na sauran jama'a kowa na iya rabawa, amma na dattawa, sa'o'in mai gida, ba a aika yaro da shi. Babban gidan ne ke kaiwa da ƙafarsa, ya zauna a gaisa, ya faɗa da bakinsa. Ba shakka kowa ya san Baba na kwance, kowa zai yi masa uzuri in ɗansa ya kawo. Wannan uzurin ne Gwaggo ta tashi toshewa.

Sai da ta fara jana zuwa wurin likita, don Larabcinta na kasuwa ne, ni ce tafinta. Da ya ji Baba na nan kwance tun wancan lokaci, ya cire tabarau ya dube mu, ya ce ai kwanciyar nan ba ta yi wa zuciyar daɗi, balle mai zuciyar. Ya sake faɗin abin da ya faɗa tun farko, a hankali, da sanyi, a zauna in ƙirji ya ɗaure, kada a bar magani. Gwaggo ta sa na maimaita mata har ta haddace. Daga nan muka bi gidajen dattawa ɗaya bayan ɗaya.

Ladanin masallacinmu ya ce, "Hajiya, mutumin nan ba shi da lafiya."

Ta ce, "Lafiyar nake nemar masa, Malam. In yaron nan ya kawo goro, ka mayar."

Mai tsire ne ya fi ba ta wuya. Ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Yaron nan a gabana ya girma, in kunyata shi? To in aminina ya fito saboda maganata ya faɗi a hanya fa?"

Gwaggo ta ce, "In ya faɗi, a wuyana. Amma in ka karɓi goron nan, ka shirya zuwa jana'iza ba da daɗewa ba, ita ma da goro za a gaya maka?" Tsohon ya juya tsirensa, ya juya, ya ce, "Tayyib, na ji. Allah Ya sa kada ki kai mu wuta."

Washegari wanmu ya fita da goro a cikin jiƙaƙƙen algarara, ya sa sabuwar riga. Kafin azahar ya dawo da kayansa yadda ya fita da su, fuskarsa kamar an mare shi. Ya tsaya a tsakar gida yana gaya wa Inna, ya manta ƙofar Baba a buɗe take. Ya ce ladan ya ce ba ya karɓa daga hannun yaro. Ya ce mai tsire ko kallon goron bai yi ba, cewa ya yi, "Ubanka ya rasu ne ba a gaya mini ba? In yana raye ya kawo da kansa. In kuma raina ni ya yi tunda ɗansa ya yi mota, to ku yi sunanku, ba na zuwa."

Ana nufin za a raɗa wa jikan Baba suna babu dattijo ko ɗaya a tabarma, abin da za a yi ta faɗi har yaron ya girma. Can sai muka ji murya daga ɗaki, a dushe, amma tasa ce.

"Wa ya ce na rasu?"

Muka juya muka dubi ƙofarsa.

"Ku ba ni rigata."

Wanmu ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu. Fushi ne ya tashe shi, ba wani abu ba, kuma ban taɓa murnar ganin fushin mutum irin ta ranar ba. Gwaggo ta ce a bari rana ta yi sanyi, ya ce ba da ita yake magana ba, amma ya bari. Bayan la'asar ya fito, rigar ta yi masa yawa, hasken waje ya sa yana ƙifta ido. Gwaggo na tsaye a ƙofar gida da faifanta, wai hanyarsu ce ta zo ɗaya. Gidan ladan a ƙarshen layinmu yake, amma sai da Baba ya zauna a kan wani dakali ya huta, gumi na zuba. Wanmu na binsu daga nesa kamar ɓarawo. Da suka isa, ladan ya fito ya karɓi goron da hannu biyu, ya rungume shi. A daren Baba ya cinye tuwonsa, ya ce miyar ba ta ji daddawa ba, Inna ta fito tana dariya tana kuka.

Haka aka bi sauran gidajen, kowace rana kaɗan. Bani Malik ya yi nisa, ko Gwaggo ta san haka, ranar ce kaɗai na ga ta shiga mota ba a yi rigima ba. Amma da aka hango hayaƙin tsire ta buga wa wanmu kafaɗa ta ce ya tsaya nan. Baba ya sauka ya taka sauran da ƙafarsa. Ya ajiye goron a kan teburin amininsa ya ce, "Ga gawa ta kawo maka goro." Mai tsire ya ce, "Gawar ta rame, a ba ta nama." Ranar suna tabarmar dattawa ta cika, Baba na tsakiyarsu.

Asirin bai daɗe ba ya tonu, ladan ba ya iya riƙe magana. Baba ya aika aka kira Gwaggo, ya ce, "Yaya, kin haɗa baki da abokaina kin ci amanata." Ta ce, "Na ci. Gobe bayan asuba ka shirya." Wanmu ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure, daga baya ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ya yafe mata ba, ta dai zubo masa miya ta tsaya a kansa har ya cinye.

Kada wani ya ɗauka baƙin cikin nan ya tafi rana ɗaya. Yana tafiya yana dawowa. Akwai safiyar da Baba zai ce yau ba zai iya ba, jikinsa ya yi nauyi, duniyar ba ta yi masa daɗi. Gwaggo ba ta lallashi. Sai ta zauna a bakin ƙofarsa ta kama ɓarar gyaɗa, tana ba Inna labarin yadda Auta ya yi mata fitsari a baya a gaban wani ayarin fatake, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Kafin ta kai ƙarshen labarin yake fitowa yana cewa, "Yalla, mu je, kin ishe ni." Su bi ta gaban shagon ɗan Yaman, su miƙe har inda ake hango jiragen alhazai, su dawo kafin rana ta yi zafi. Sannu a hankali ladan ya shiga cikinsu, shi ma jini ke hawa masa, sai wani tsoho da ƙafa ta fara mutuwa, sai wasu mata a baya. Mutanen unguwa suka sa musu suna ayarin Hajiya. Dariyar Baba ta dawo, ba da ƙarfin da ba, amma ana jinta daga ƙofar gida. Ruwa dai bai ƙara ɗauka ba, sai ya zama shi ke raka sababbin baƙi su san lungunan gari.

Shekaru suka wuce a haka, aka kawo famfo, aka zuba kwalta, motoci suka cika titi. Gwaggo ta ƙara ramewa, ƙafarta ta fara kumbura, ta ajiye faifai. In an ce a kai ta asibiti sai ta ce takalmi ne ya matse ta. Sau ɗaya muka ci ƙarfinta, likita ya ce ita ma zuciya ce, ya ba ta magani, tana sha a ɓoye kamar abin kunya. Ranar da za ta rasu sun fita kamar kullum, sun dawo, ta zauna a bakin ƙofarta ta ce a ba ta ruwa. Kafin Inna ta kawo, ta jingina da bango, shi ke nan.

Aka gama kwana ukun zaman makoki, aka mayar da kujeru, gida ya yi faɗi. Washegari na zo da sassafe. Baba ya dawo daga masallaci ya shiga ɗaki ya saki labule. Rana ta fito, ayarin suka taru a kan kwana suna duban ƙofarmu, suka gaji suka watse. Inna ta kai koko ta dawo da shi. Wanmu bai tafi aiki ba, yana ta kai da kawowa a tsakar gida, mutumin da a da ke tsare ƙofar nan kada Baba ya fita, yau shi ke roƙona in shiga in gwada. Na tsaya a bakin labule, ban san me zan ce ba, ni ban iya zagi irin na Gwaggo ba.

Sai labulen ya ɗaga da kansa. Baba ya fito da hularsa a kai, idonsa ja. Ya ce, "Ku daina leƙena, na san abin da kuke tsoro. Mutane sun bar sana'arsu sun zo sun zauna mana kwana uku, ba za a je a yi musu ban gajiya ba? Ke, ɗauko mayafinki."

Muka fita ni da shi. Yana tafe, takunsa daidai, har na fara haki a bayansa. Da muka kai wata inuwa a jikin katangar wani sito, sai ya tsaya, ya zauna a kan wani dutse. Na ce, "Baba, ƙirjin ne?"

Ya girgiza kai. "Lafiyata ƙalau. Na daɗe rabon da in gaji a nan." Ya shafa wurin da ke gefensa. "Ita ce numfashinta ke yankewa in mun zo daidai nan. Da na ce mata Yaya ki huta, da ta ci mutuncina a gaban jama'a, ta ƙara sauri. Sai in dafe ƙirji in ce wayyo, mu zauna. Ta zauna tana yi mini faɗan ragwanci har numfashinta ya dawo, sannan in ce na ji sauƙi."

Na ce, "Ta sani kuwa?"

"Ban taɓa tambaya ba. Amma ranar ƙarshe da muka tashi daga nan, ta dafa kafaɗata ta ce, Auta, ka iya ƙarya yanzu."

Nan ya yi kukan da bai yi ba a gaban mutane, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza, ni ma na taya shi. Ban hana shi ba, ban ce ya yi haƙuri ba. Da ya gama ya share fuska, ya gyara hula, ya miƙe ba tare da ya dafa ni ba. Ya ce gidajen da yawa, kuma yana so mu biya ta wurin ladan mu gaya masa gobe bayan asuba kowa ya fito.

Ya Allah, baiwarKa ta zo maKa da ƙafafun da suka gaji a kan hidimar bayinKa. Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka ba ta hutun da ta ƙi karɓa daga hannunmu. Amin.